Tukunyar Alhaji Gado da Akuyar Kawuna

Tun da anka yi shuka bana Nasiru ke damuna da saƙo. Nasiru ɗan ƙanena ne. Karatu ya kai shi Kanada, yana kuma taɓa aiki a filin wasan garin da yake zaune, shara da kwasar robobi in ƴan kallo sun watse. Ekip ɗin garin nasu, ƙungiyar wasansu ke nan, ita ce ta shiga uku. Wasan ma ba irin balo ɗinmu ba ne. Ƙwallon kamar ƙwan zabo anka ja shi ya yi tsawo, a hannu suke ɗaukarsa, kowa da hular kwano kamar ɗan kabu-kabun da ya hango jandarma, sai karo kamar raguna. Ya turo mini wasan a waya har na gaji, na ce masa ni ban gane wa ke ci wa ake ci ba. Ya ce ba sai na gane ba, duk wanda na gani a kwance nasu ne.

Ranar da munka yi shuka anka cinye su. Munka yi noman farko, anka cinye su. Ga shi hatsi ya fara fidda kai, ba su daina shan kashi ba. Sun kori mai horas da su sun kawo wani, shi ma haka. Ƴan kallo sun janye har Nasiru ya ce aikinsa ya yi sauƙi, babu abin sharewa.

"Baba, wallahi abin tausayi ne," in ji shi.

Na ce, "Suna cin abinci?"

Ya yi dariya. "Baba, mutum guda a zama guda shina cinye abin da gidanku ke ci a wuni. Akwai mai dafa musu, akwai mai auna musu nama."

"Ruwa fa?"

"Har tsakiyar wasa bin su ake da gora ana matsa musu a baki."

Na ce, "To riƙe tausayinka." Na kashe wayar.

Ba wai ina da wani abu da ƙattin nan ba, ban san su ba, ba su san ni ba. Sai dai bana ruwa ya yi mana irin halin da ya taɓa yi, ya zo da wuri ya ɗauke, ga kuma yaron nan kullum da labarin shan kashi. Biyun sunka haɗu sunka tono mini daminar da na fi son in manta.

Ina saurayi lokacin, gemu bai gama fitowa ba. Babanmu ya tahi bida, neman kuɗi, can Abijan tun kakar da ta gabata, ba saƙo ba labari. Gida ya rage ni da Inna da ƙannena biyu, uban Nasirun nan da autarmu Rabi, wadda ko wanki ba ta fara ba. Kakar ba ta yi kyau ba, rumbu ya ƙare tun bazara. Na shiga cikinsa da tsintsiya na share ƙasan, abin da na samu bai cika ƙwarya ba, rabi kashin ɓera.

Ruwan farko ya sauka da ƙarfi, duk Tawa ta fita da sungumi. Ni ina sara, Inna na bayana tana jefa iri tana takewa da diddige. Hatsi ya tsiro kore shar, har mutane sun fara fara'a. Sai sama ta bushe. Hadari ya haɗu gabas baƙi ƙirin, ya yi ta gurnani, iska ta taso ta watsa shi, ko ɗigo. Rana kuma kamar an kifa maka kasko. Tsiron ya murɗe ya koma kamar zare, ka taɓa shi ya kakkarye. Munka sake shuka da ɗan irin da Inna ta ɓoye a tulu, a busasshiyar ƙasa, binne ke nan, muna jiran Allah. Ɓeraye da zabin daji sunka tone rabi. Irin shuka na uku daga Kalfu ya zo, Kawu Mantau, yayan Inna, ya aiko shi ɗaure a bakin zane. Shi ma ba don ya ishe shi ba.

Abincin gida kuwa anza ce, ƴaƴan wata itaciyar daji, da dussa. Wanda bai ci anza ba kada ya ce mini ya san ɗaci. Inna ta jiƙa ta, ta zubar da ruwan, ta sake jiƙawa, ta sake zubarwa, har tsakar gida ta ɗauki wari, ɗacin dai ba ya fita duka, yana nan maƙale a maƙogwaro har ka yi salla da shi. Da safe farau-farau, ruwa ne anka nuna masa dussa, kana hango gindin ƙwarya. Da yamma kwano ɗaya, abin da ya samu, kowa ya sa hannu.

A cikin wannan hali anka buɗe gasar hutun damina, tsakanin unguwannin Tawa da garuruwan kewaye. Ekip ɗinmu ba zan faɗi sunanta ba, ta mutu, a bar ta kwance. Mai ita Alhaji Gado ne, dillalin albasa, mutum mai son a ce shi ne. Ya sayo mayo, rigunan wasa, ja masu lamba a baya, ya kuma ɗora tukunya. Kullum bayan an tashi daga fili, a zaurensa, shinkafa da wake da mai a babban tire. Kada wani ya yi muku ƙarya cewa son balo ya tara mu. Tiren nan ya tara mu. Ni ne gola. In na ci a zauren Alhaji, hannuna ya fita daga kwanon gida, abin da za a raba huɗu a raba shi uku. Ba mu taɓa yin maganar da Inna ba, amma ita ke wanke mini mayo, da toka, tana lallaɓa shi kamar rigar salla.

Wunina haka yake. Asuba in saɓa hauya in hau dabagi, tudun da gonarmu take, in yi ta turawa cikin tsakuwa har inuwata ta shige ƙarƙashina. In gangaro in kwanta a zaure cikina na kuka. La'asar in tahi fili in tsaya tsakanin sanduna biyu ana dirka mini ƙwallo. Magariba tire.

Wasan farko anka cinye mu. Na biyu anka cinye mu. Gaskiya sauran ekip ɗin ma yunwar suke ji, amma mu ban da yunwa ba mu iya ba. Mutum ɗaya ne ɗan wasa a cikinmu, Agali, wani Buzu siriri daga wajen Tabaram, mai gadin shagon albasar Alhaji. In ya ɗauki ƙwallo kamar barewa. Sai dai ya kai gaba ya waiga, ba kowa, duk muna baya muna haki da hannu a gwiwa.

Bayan kashi na uku Alhaji ya tara mu ya ce shi ya gano. Ba ƙafa ba ce, hannu ne. Ana yi mana aiki. Washegari sai ga wani mutum a fili, gajere, da taggo mai layu, yana warin hayaƙi da tsohon man shanu. Na-Kogo ake ce masa. Ya zagaya sandunan gola yana shinshina, ya tofa nan ya tofa can, ya zayyana mana dokoki. Ranar wasa ba mai cin komai tun asuba sai garin maganin da zai ba mu mu lasa. In mun je garin wasu, ba mu cin abincinsu, ba mu shan ruwansu, ba mu zama kan tabarmarsu, ba mu ba su hannu. Ruwanmu daga Tawa za mu tahi da shi.

Wani a cikinmu ya ce, "Malam, ko goro?"

Na-Kogo ya ce, "Goron ma ya fi saurin ɗauka."

Munka bi doka, anka cinye mu fiye da da. Na-Kogo ya ce wani ya karya. Anka bincika, anka gano wani ɗan wasanmu Hashimu ya gaisa da alƙalin wasa. Alhaji ya karɓe mayonsa a gaban kowa, ya ce kada ya sake ganin ƙafarsa a zaure. Daga nan abin ya zama al'ada. Duk kashin da munka sha sai an nemo mai laifi. An kori wani don matarsa ƴar unguwar da ta cinye mu ce. An kori wani don an gan shi yana fitsari yana fuskantar filinmu. Tiren ma ya riƙa ramewa tare da mu, anka fara cire mai, anka bi da wake. Amma ko gayan shinkafa ya fi anza, don haka kowa ya kama bakinsa. Kana ci kana satar kallon na kusa da kai, kana tunanin wa za a kora gaba. Abin ƙyama, ƙatti muna kai ƙarar juna wajen mai taggo saboda loma.

Ni na san ina bakin layi. Gola shi ake gani in ƙwallo ya shiga. Alhaji kan tsaya a bayan sanduna da babbar riga yana ihu, "Kai Idi! Hannu gare ka ko rariya?" Abin da ya cece ni, ba mai son tsayawa wurin sai Sale, ƙanen matar Alhaji, shi kuwa in ƙwallo ya taho rufe ido yake yi.

Nasiru ya ce nasu a jirgin sama ake kai su a cinye su a dawo da su. Mu a bayan tsohuwar bashe ɗin Alhaji, motarsa a-kori-kura, ake loda mu, kan buhunan albasar da ta ruɓe. Zuwanmu Tabaram, ruwan da munka ɗauka a bidon gazuwal, jarkar man mota, anka zuba shi, ba a wanke da kyau ba. Ka sha, ka yi gyatsa, ka ji kamar kai ne injin markaɗe. Mutanen garin sun aje mana randa guda da moda a bakin fili, ruwan sanyi har randar na zufa. Muna kallonta muna amai. Agali garinsu ne, ƙanwar uwarsa ta zo da nono a akushi, ya juya mata baya. Da muna komowa ya ja rawaninsa har ido.

Sai can tsakiyar damina ruwa ya dawo. Ina gona ranar. Iska ta tsaya cik, tsuntsaye sunka yi shiru, sai ƙamshin ƙasa ya riga ruwan isowa. Ya sauka kamar ana juye tulu. Na tsaya cikinsa na buɗe baki sama, ban nemi wurin fakewa ba. Kafin a ce haka dabagi ya yi kore, ciyawa ta taso ta fi hatsi sauri, aiki ya ninka. Wanda bai yi noma ba yana zaton in gona ta yi kore yunwa ta wuce. Lokacin ma take kai wuya. Ga abinci kana gani yana kaɗawa, ba ka iya ci. Inna ta koma ganyen tafasa da lalo, ta dafa ta ɗan barbaɗa dussa. Rabi cikinta ya fito, gashinta ya yi ja. Ni kuwa in na zauna gaban tiren Alhaji sai in ci da sauri, kamar wani zai ƙwace.

Wasan ƙarshe a Kalfu ya faɗo, garin Kawu Mantau. Ko sau ɗaya ba mu ci ba, ko kunnen doki ba mu yi ba. Alhaji ya ce wannan karon duk wanda ya karya doka, ba kora kaɗai ba, sai ya sa an yi masa waƙa a gari. Da safe zan fita Inna ta ce, "Ka gaida Yaya. Ka shiga gida ka gaida Hajo, kada ka tsaya daga waje kamar baƙo." Na ce to. A raina na ce daga nesa zan ɗaga masa hannu, in ya so bayan gasa in zo in ba shi haƙuri.

Ba mu yi rabin hanya ba bashe ta fara hayaƙi. Direba ya buɗe gaba, tururi ya taso, ya ce sai an ba ta ruwa. Ruwa kuwa namu ne kaɗai. Ya ɗaga bido ya juye mata, muna kallo, har ɗigon ƙarshe. Munka isa Kalfu da azahar, miyau ya kafe a baki. Mutanen gari sun shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya, inuwa lumshi. Na-Kogo ya ce ba mu zama nan. Ya kai mu gindin gawo. Kowa ya san gawo ba ya da ganye da damina. Munka zube ƙarƙashin ƙaya, rana na ratsowa tana gasa mana ƙeya.

Ƙamshin ne ya fara isowa. Nama, da daddawa, da ɗan yaji. Na ga maƙogwaron kowa na motsi. Na ɗaga kai, sai ga Kawu Mantau tahe da ƙwaryar fura a hannu biyu, Hajo matarsa na biye da tukunya bisa kai. Kawu ya rame har rigarsa na yawo a jikinsa, amma bakinsa har kunne.

"Ina ɗan ƙanwata? Ina golan Tawa? Kai Idi, ka yi tsawo awa karan dawa! Sannunku da hanya, sannunku da rana."

Ya aje ƙwarya, Hajo ta sauke tukunya ta buɗe. Akuya ce. Na san garken Kawu, na san fari ya cinye shi, saura guda da yake taƙama da ita. Furar kuwa ta hatsi ce tsantsa, har da nono. Ban san inda ya samo hatsin ba, har yau ban tambaya ba.

Ya miƙa wa Alhaji hannu. Alhaji ya maida nasa cikin riga.

"Mun gode, dattijo. Ɗauke abinka."

Kawu ya zaci wasa ne. "Haba Alhaji, ku taɓa ko kaɗan. Ba yawa, shekarar ce haka."

"Mun san irin taɓawar. Ku ɗauke."

Na-Kogo ya matso ya leƙa tukunyar, ya ja hanci, ya girgiza kai. Na rantse na ga ya haɗiye miyau.

Sai a lokacin Kawu ya gane. Fara'ar ta sauka daga fuskarsa a hankali. "Sammu kuke nuhi? Ni? Ga ɗan da anka yanke wa cibi a ɗakina, shi zan sa wa magani don balo? Mi balo ya taɓa ba ni?" Ya sa hannu ya ɗauki tsoka ya jefa a baki, ya tauna, ya buɗe baki ya gwada musu. "To ga shi."

Na-Kogo ya ce, "Mai aiki ai shina da makarinsa."

Ƴan Kalfu sun fara taruwa. Wani saurayi ya ce, "Ku da ko akuyar ma ta shiga hili sai ta ci ku biyu, wa zai ɓata magani a kanku?" Anka fashe da dariya. Kawu bai yi dariya ba. Ni yake kallo. Bai ce ci ba, bai ce kada ka ci ba. Tsoho ne tsaye cikin rana a gaban garinsu, da maiƙo a yatsu, an ce masa mugu.

Ba zan ce na yi wani dogon tunani ba. Tiren Alhaji ya zo mini a rai, kwanon gida ya zo mini a rai. Amma na kasa gano da wace fuska zan ce wa Inna na bar yayanta haka. Kuma yunwa nake ji, wannan ma gaskiya ce. Na tashi na tsuguna gaban ƙwarya na yi bisimilla. Na kafa kai na sha har numfashi ya ɗauke mini. Na sa hannu a tukunya. Hanta na fara samu.

"Idi!" in ji Alhaji. "Ɗan banza, ka kashe mu!"

Na ce da baki cike, "Alhaji, mun daɗe da mutuwa."

Na dubi Agali na matsa masa wuri. Ya ɗan ɗago, har ya dafa ƙasa, sai ya dubi Alhaji ya koma. Ban ga laifinsa ba. Ni tire kaɗai zan rasa, shi har da gadin shago, ga mata da jariri.

"Tuɓe mini mayona."

Na tuɓe na miƙa, na ci gaba da ci tsirara daga cibiya zuwa sama. Alhaji ya jefa wa Sale. Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Kawu sai ya ɗauki tukunyarsa ya kai wa ƴaƴansa, a ce an yi rashin mutunci an wuce. Amma Na-Kogo ya raɗa wa Alhaji magana a kunne, ya ce tunda an riga an buɗe ƙofa, sai a maida musu aikinsu. Kafin kowa ya ankara ya sungumi tukunyar, ƙattin Alhaji biyu sun tare hanya. Ya je bayan sandunan gola, ya tona rami da wuƙa da hannu, ya juye naman nan duka da romonsa, ya bi da sauran furar, ya tura ƙasa ya tattake da ƙafa.

Na ga abubuwa a rayuwata. Na ga gawar raƙumi cike da tsutsa, na yi aikin kwasar masai da na rasa abin yi. Ba abin da ya taɓa tada mini zuciya kamar sawun ƙafar mutumin nan a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar. A shekarar da mata ke tona gidan tururuwa suna neman tsaba.

Samarin Kalfu sun fara ɗaukar duwatsu, Kawu ya ɗaga musu hannu. Hajo ce ta yi magana, ba da ƙarfi ba. "Ɗiyana ko romo ban ba su ba. Na ce sai baƙi sun ci."

Kawu ya ce, "A ba ni tukunyata."

Anka miƙo masa. Ya duba cikinta, ya ba Hajo, ya kama hannuna ya kai ni gindin tsamiya. Daga nan na kalli wasan, cikina a cike karo na farko tun bazara, kuma ban ji daɗinsa ba.

Ƴan Kalfu da fushi sunka shiga. Ba a daɗe ba na daina ƙirga. Sale yana rufe ido kamar yadda ya saba, ga kuma karnukan gari sun ji ƙamshi sun zo bayansa suna tono suna faɗa, ungulaye na sauka bisa sandar sama. Rabin ƴan kallo sun bar wasa sun koma kallon karnuka. Shi ma Sale waiwaye yake yi, akwai ƙwallon da ya shiga yana kallon wani jan kare ya ja ƙafar akuya. Na-Kogo na gefe yana jifansu da tsakuwa yana cewa suna ɓata aiki.

Bayan an juya fili, Agali ya karɓi ƙwallo a tsakiya ya yanke mutum uku. Ba wanda ya taɓa shi. Gudu yake yi sai ƙafafun sunka naɗe, ya kifa da fuska. Munka ruga. Idonsa ya juye, leɓensa fari fat, yana cewa "aman, aman," ruwa ke nan da yarensu. Hajo ta taho da tulu.

Alhaji ya tare ta. "Kada a ba shi! Ruwan garin ne!"

Ta ce, "Kauce, ko in fasa maka shi a kai."

Ya kauce. Ta zauna ta ɗora kan Agali a cinyarta, tana ɗiga masa a baki tana shafa masa a wuya har ya dawo. Daga baya Na-Kogo ya ce wannan ba karya doka ba ce, tunda ba ya cikin hankalinsa. Ai dole. Ba su da wani mai iya gudu.

Da anka tashi sunka hau bashe ba wanda ya dube ni. Direba ya cika injinsa da ruwan rijiyar Kalfu, wannan kam ba a ce komai ba. Sunka bar ni tsaye ba riga. Kawu ya ba ni wata tsohuwa tasa. A gidansa na ga abin da ƴaƴansa sunka ci ranar, ganye ne, ganyen da na baro a gidanmu. Da safe ya raka ni har bayan gari, yana ta juya carbi.

"Na ja maka, Idi. Ni so na yi a ce ɗan ƙanwata ya zo garinmu an karrama shi."

Na ce, "Ba kai ka ja mini ba, Kawu."

Ya laluba aljihu bai samu komai ba, ya dafa kaina ya juya.

Tukunyar Alhaji ba ta sauka ba, in kuna son sani. Tunda an samu mai laifi, hankalin kowa ya kwanta. Gasa ta ƙare amma ya ci gaba da ciyar da su har kaka, wai shirin baɗi, har mai anka maido. An yi mini waƙar ma, yara sun bi ni da ita wani lokaci, wai gola ya sayar da Tawa da hantar akuya. Waɗanda munka ci tire ɗaya da su sun fi kowa iya ta.

Da ƙafa na komo, ta cikin gonaki, ƙarangiya na kama mini wando. Hatsi ya kai ƙirji, bai fidda kai ba tukuna, da sauran tafiya kafin a samu ko tumu. Na iso ana kiran magariba. Labari ya riga ni, direban bashe ya baza shi a tasha. Inna na tsakar gida ta sauke tukunyar ganye, yaran biyu sun riga sun zauna gaban kwano. Ta dubi rigar da ke jikina, ta gane ta.

"Yaya ya ga ka ci?"

"Ya gani."

"A gaban mutane?"

"A gaban duk gari."

Ta gyaɗa kai. Ba ta yabe ni ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce wa yaran su matsa. Na wanke hannu na tsuguna. Abin da ke cikin kwanon ko su biyun ba zai ishe su ba. Rabi ta kafa wa hannuna ido, ta ga girmansa, ta dubi kwanon, ta dubi Inna.

"Inna, shi ma da mu zai riƙa ci?"

"Da mu."

"Kullum?"

Inna ta jawo kwanon gabanta, ta kamfato ruwa a randa ta ƙara, ta juya da ludayi, ta tura mana. Ita ba ta sa hannu ba, ta ce ta ɗanɗana wajen dahuwa.